Ina Ya Kamata Ma'abucin Doki Ya Kafa Turkensa?

Akwai wata tambaya da na lura tana yawan tasowa a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwarmu da suka fara manyanta, musamman waɗanda suka doshi ajiye aiki, da kuma waɗanda Allah Ya hore wa abin da za su mallaki muhalli na ƙashin kansu. Tambayar kuwa ita ce, idan mutum yana sha'awar ajiye doki domin ya riƙa ba shi horo na tsari, yana kuma fita kilisa safe ko yamma, to a wane gari ko wace unguwa ya kamata ya zauna, wadda aljihunsa zai iya ɗauka? Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan magana ce ta masu hannu da shuni, ana fama da yai wa ke ta shekarar da ta wuce. Amma ni a ganina magana ce da ta cancanci a zauna a yi mata duba na tsanaki, domin kuwa mafi yawan masu wannan tambaya kuɗin sallamarsu na aikin shekara 35 za su zuba, kuma wanda ya kafa gida a inda bai dace ba, da wuya ya sami damar sake wani.

Doki dai ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya dubi sarautunmu irin su Madawaki da Shamaki da Zagi ya san cewa a kan sirdi aka gina mulkin ƙasar Hausa. Yawan sunayen da muke da su na dawaki, kamar akawal da kili da danda da hurde da bidi, shi kansa shaida ne. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Sai dai abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, a tsakanin wannan Sallah da waccan, yaya dokin yake rayuwa? Sau da yawa za ka tarar da ingarma ɗaure a turke a wani lungu, daga shi sai kwata da tulin shara, ba ya ganin fili sai ranar da aka ɗaura masa kayan ado. Irin wannan riƙo shi ne mai neman sabon mazauni ya kamata ya guje wa tun ran gini.

Abu biyu mai doki yake nema

Kafin a shiga batun garuruwa, ya kyautu mai karatu ya fahimci cewa buƙatu biyu ne ake son a haɗa a wuri guda, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba. Ta farko ita ce horon doki na tsari, wanda Faransawa suka raɗa wa suna dirasaj, kalmar da ma'anarta ita ce horo. A wannan fanni ana koya wa doki tafiya da sassarfa da sukuwa cikin natsuwa, ya juya, ya tsaya, ya ja da baya, ya ratsa a karkace, duk da ishara 'yar kaɗan daga ƙafa da mazauni da hannun mahayi, har mai kallo ya ɗauka dokin ne yake yin abinsa da kansa. Tsohon ilimi ne, domin wani Bagirke mai suna Zenofon ya yi rubutu a kansa kusan shekara 2,400 da suka wuce, kuma tun 1912 ake gasarsa a wasannin Olamfik. Har gobe akwai makarantun da suka yi suna a kansa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya da garin Somur na Faransa. Mu ma muna da namu salon, domin wanda ya taɓa ganin gwanin mahayi yana sa doki taƙama ko rawa a gaban kalangu ya san cewa horo ne ya kawo haka. Bambancin shi ne, namu horon ya fi karkata ga jahi da zamiya da tsayawa cak, abin da ya sa linzaminmu na gargajiya yake da tsanani, alhali shi wancan horon yana son doki mai taushin baki, da linzami marar zafi, da haƙuri na shekaru.

Wannan horo yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe. Filin gasa mita 20 ne a faɗi, 60 a tsawo, ƙaramin kuwa 20 da 40. Idan muka auna da fulotin da muka saba da shi mai ƙafa 50 da 100, ƙaramin filin zai ci kusan fuloti biyu, babban kuma ya haura biyu da rabi, ba a ma zo maganar gidan zama da barga da rumbun harawa ba. Daga nan kaɗai mai karatu zai gane cewa a tsakiyar Kano ko Kaduna ko Abuja, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Buƙata ta biyu ita ce hanyar kilisa, wato inda mutum zai hau dokinsa ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu a kan ƙasa, ba tare da ya yi gogayya da tirela da 'yan acaɓa ba. Matsalar ita ce, gwanayen horo da likitocin dabbobi suna cikin birane, sarari kuwa yana ƙauye, ƙauyen kuma a yau ba kowanne ne ake shiga a fita lafiya ba. Saboda haka duk dabarar tana ga samun wurin da yake bakin gari, kusa da masana, kusa kuma da daji mai aminci.

Araha ba ta ado

Kuskuren da na ga mutane da dama suna yi shi ne auna araha da kuɗin fili kawai. Fili sau ɗaya ake saye, doki kuwa kullum sai ya ci, kuma dabba ce da kan kai shekara 25 ko fiye idan ta sami kulawa. Masana kiwo sun ƙiyasta cewa doki yana buƙatar busasshen abinci da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a kowace rana, wato dokinmu na gida mai kilo 350 zai ci kusan kilo 7 na harawa da ingirici da dusa da ɗan hatsi. Ruwa kuwa yakan sha lita 30 zuwa 40, ya ma haura haka a watannin bazara. Wanda ya zauna a yankin da ake noman wake da gyaɗa da dawa, zai sayi harawarsa da kaka a bakin gona ya jibge a rumbu. Wanda kuwa ya zauna a inda sai an yi dakon harawa a mota, to shi da kuɗin mai ne, kuma duk mun ga yadda kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yadda farashin hatsi ya gigita magidanta a 2024. Haka nan unguwar da sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ba ta mai doki ba ce, komai arahar filinta.

Sai batun lafiya, wanda shi ne tarihi ya riga ya yi mana darasi a kansa. Abin da ya hana doki yaɗuwa a kudancin ƙasar nan shi ne ƙudan tsando mai kawo sammore, shi ya sa tsohuwar daular Oyo ta dogara da sayen dawaki daga Arewa. Har yanzu ƙa'idar ba ta sauya ba: gwargwadon yadda ka gangara kudu zuwa wuraren dausayi da duhuwa, gwargwadon yadda kaska da ƙwari masu cizo za su addabi dabbarka. Akwai kuma annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba suke yaɗawa. Suna hayayyafa a ƙasa mai danshi, suna kuma fitowa da almuru da asuba, kuma cutar takan kashe har tara cikin goma na dawakin da ba su saba da ita ba, musamman waɗanda ake shigo da su daga Ajantina domin ƙwallon dawaki. Don haka filin da ke bakin fadama, wanda dillali zai yi ta koɗa maka shi saboda koren ciyawa, shi ne wanda ya kamata ka fi yi wa taka-tsantsan. Barga tana son tudu mai iska, inda ruwa ba ya kwanciya.

Ita kanta ƙasar wurin abin dubawa ce. Jigawa mai ɗan ƙarfi ita ce ta fi dacewa da kofato da gaɓoɓin doki. Yashi mai zurfi yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa, kuma idan ana zuba wa doki abinci a kansa yakan haɗiye shi ya jawo masa murɗar ciki. Marmara da tsakuwa suna cinye kofato, laka kuwa da damina santsi, da rani ta dare ta zama tarko.

Mu zagaya garuruwan

Abuja ita ce inda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suke aiki, amma ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Akwai ƙungiyar ƙwallon dawaki ta rundunar tsaron fadar Shugaban Ƙasa, akwai likitoci, amma fili ya yi tsada, abincin doki daga nesa yake zuwa, damina tana da tsawo, kuma wanda ya tuna rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya san haɗarin gina barga a inda taswirar birnin ba ta amince ba.

Kaduna kuwa ta fuskar gwaninta babu kamarta. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka kuma yi na bikin FESTAC a 1977. Ƙungiyar ƙwallon dawakinta da ke dandalin Murtala ta haura shekara ɗari, ga kuma filin Fifth Chukker da aka kafa a 2001 a wajen Mararrabar Jos, ga Makarantar Horon Hafsoshin Soja inda ake koyar da hawa. Ma'ana, akwai masu kula da barga da masu gyaran kofato da tsofaffin sojoji da suka san horon doki irin na zamani. Amma ta fuskar kilisa a daji sai a yi hattara. Ba mu manta da sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021 ba, da harin da aka kai wa ita kanta makarantar sojan a watan Agustan shekarar, da na jirgin ƙasa a ranar 28 ga Maris, 2022. Mahayi shi kaɗai a kan doki mai tsada, a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, ya sauƙaƙa wa mai mugun nufi aiki.

Kano ta tara komai: fada, da filin sukuwa, da filin ƙwallon dawaki, da baduƙai da maƙera masu yin sirdi da likkafa, da kasuwar Dawanau ta hatsi. Abin da ta rasa shi ne sarari. Gonakin da aka sani a wajen Kumbotso da Ungogo da Gezawa sun zama fulotai, kuma yadda wasu matasa suka mai da kilisa da hawan angwanci fagen sara-suka ya sa 'yan sanda sun sha haramta hawa a titunan birnin. Wanda ya nace sai Kano, to ya nufi garuruwan da ke kewaye da ita, ya kuma san cewa nan da 'yan shekaru gari zai cim masa.

Katsina gidan doki ce, tun daga Sarki Muhammadu Dikko da ya dasa ƙwallon dawaki a shekarun 1920, zuwa ɗansa Sarki Usman Nagogo da ya yi fice a wasan har a ƙasashen waje. Ƙasar jigawa ce, iskar busasshiya, ga kusanci da kasuwannin kan iyaka irin su Mai'aduwa. Sai dai yammacin jihar, wato yankin dajin Rugu da garuruwan Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. Mai neman wurin kilisa a wannan jiha ya fi kyau ya fuskanci gabas, wajen Daura.

Jos tana da abin da sauran ba su da shi, wato sanyi, domin tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200. Ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda take nan tun 1924, ga makarantar 'yan sandan doki, ga duwatsun Shere masu daɗin hawa. Amma ƙasar akwai duwatsu da tsofaffin kududdufan haƙar kuza, kuma tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, zaɓen unguwa a garin ya zama abin da ake yi da lissafi. Hanyar kilisa ba ta san iyakar unguwa ba, wannan shi ne abin lura.

To ina ni na karkata? A nawa ɗan nazarin, garuruwan sarauta matsakaita su ne suka fi haɗa buƙatun nan. Zariya ta ɗaya ce idan ana maganar masana, saboda Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta, da Cibiyar Binciken Kiwo ta Shika, da fadar Zazzau mai ɗimbin mahaya, da ƙungiyar ƙwallon dawaki. Harawa da masara a wadace suke, fili kuma bai kai na Kaduna tsada ba. Sharaɗin shi ne a guji ɓangaren da ya fuskanci Giwa da Birnin Gwari, a kuma tuna da harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021. Idan kuwa kilisa da kwanciyar hankali da sauƙin rayuwa mutum ya sa a gaba, to ban ga kamar garuruwan Jigawa ba, irin su Dutse da Kazaure da Gumel. Sunan jihar ma ya faɗi irin ƙasarta, masarautunta biyar duk suna hawa, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana nan a kan iyakar Nijar, Kano kuma ba ta da nisa idan ana neman likita ko mai horo. A dai kauce wa kwarin kogin Haɗejiya, inda ambaliyar 2022 ta yi mummunar ɓarna. Bauchi ma ba ta da laifi ga wanda yake son ya haɗa sarari da kusanci da Vom.

Kafin a biya kuɗi

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, saboda haka shawarata ga duk mai wannan niyya ita ce kada ya sayi fili a garin da bai yi damina da rani a cikinsa ba. Ya kama haya tukuna, ya ajiye dokinsa a bargar wani, ya ga yadda hanyoyin suke. Hanyar da take buɗe fetal a watan Janairu, a watan Agusta gero ya rufe ta ko'ina, kuma kofaton doki a gonar talaka rigima ce da ba ta da amfani. Abin da zai rage masa da damina shi ne burtali da hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka, don haka ya tambayi mai unguwa da Sarkin Fulanin yankin ko burtalin yana nan ko an nome shi. Ya fita da kansa a kan doki, ya ƙirga sau nawa zai tsallaka kwalta kafin ya isa sarari.

Ya kuma tabbatar da takardu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun Gwamna, kuma takardar cinikin da dillali da mai unguwa suka sa wa hannu ba ta hana a wayi gari an shata titi ta tsakiyar barga. A bincika a ma'aikatar ƙasa ko filin bai faɗa cikin burtali ko makiyaya ko gandun daji ba. Sannan Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Barga tana tara ƙuda da wari idan ba a kula ba, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya fi sha'awar hawa nauyi. A ƙauye kashin doki taki ne da manomi zai zo ya roƙa, a sabuwar unguwar ma'aikata kuwa dalilin kai ƙara ne wurin duba-gari.

Game da filin horo, ban ga dalilin da zai sa kowa ya ce sai ya mallaki nasa ba. Doki ɗaya a fage gudu gare shi, amma ba ya koyon komai. Mutum biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sayi gona guda, su shimfiɗa fili ɗaya, su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, su ɗauki mai horo ɗaya, su riƙa kiran likita tare domin allurar rigakafi da maganin tsutsa da gyaran kofato, wanda ake so a yi duk bayan mako shida zuwa takwas. Fita kilisa a cikin ayari ma ya fi aminci. Wannan tsari shi zai sauko da doki daga hannun attajirai zuwa hannun malamin jami'a da likita da akawu.

Daga ƙarshe, ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da masarautunmu da su dubi wannan al'amari da idon basira. Kusan kowane babban garin Arewa ya gaji filin sukuwa, amma sannu a hankali ana yanka irin waɗannan filaye ana gina shaguna. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi tanadin wuraren kiwo, amma an bari gonaki da gine-gine suna cinye su tare da burtalan da ke sada su, kuma mun ga abin da hakan ya haifar tsakanin manoma da makiyaya. Hanyar da saniya za ta bi ita ce doki zai bi. Duk sabon rukunin gidajen da za a shata, ba zai gagara ba a ware masa fili da hanyar dabbobi, kamar yadda ake ware na masallaci da makaranta. Idan ba haka ba, za mu ci gaba da alfahari da hawan Sallah a gaban baƙi, alhali masu dawakin na ta raguwa saboda babu inda za su ajiye su, kuma sana'o'in da ke rataye da doki, daga baduku zuwa maƙeri zuwa mai sayar da harawa, su ma su bi sahu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta dazuzzuka, Ya kuma yi mana zaɓin da ya fi alheri, amin.